Kwana Bakwai Na Farko: Mace-macen Jarirai a Gidajen Talakawa

Duk wanda ya yi nazarin sunayen Hausawa na gargajiya zai tarar da wani tarihi a cikinsu wanda ba a rubuta a littafi ba. Akwai Ajuji, akwai Ayashe, akwai Barau da Barmani. Ba don daɗin faɗi ake laƙaba wa yaro irin waɗannan sunaye ba. Sunaye ne na 'ya'yan mai wabi, watau matar da take haihuwa 'ya'yan suna komawa ɗaya bayan ɗaya. In ta sake sauka, sai tsofaffin gida su ɗauki jinjirin su aza shi a kan juji kamar wanda ba a so, sa'an nan a ɗauko shi, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Jama'ar da har ta ƙagi kalma guda domin wannan hali, ta kuma tanadar masa sunaye da al'adu, babu shakka ta daɗe tana haƙa ƙananan kaburbura.

Idan jariri ya koma, abin da ake ce wa uwarsa shi ne ta yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu abin da ya fi ta sanyaya zuciya a wannan rana. Amma malamai da kansu sun karantar da cewa kowane ajali da sababinsa, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa shi ne, sabuban nan ba su rarrabu daidai wa daida tsakanin gidaje ba. Sun san hanyar wasu gidaje fiye da wasu, sun kuma fi ƙarfi a wasu kwanaki na rayuwar yaro fiye da wasu.

Yadda ake auna abin

Masana harkar lafiya suna da ma'auni guda da suke gwada ƙasa da ƙasa da shi. Sai a ɗauki jarirai 1,000 waɗanda aka haifa da rai, a duba nawa ne suka rasu kafin su cika kwana 28, nawa kafin shekara guda, nawa kuma kafin shekara biyar. A ƙasar da ba a rubuta haihuwa da mutuwa sosai, kamar Nijeriya, ana samun wannan lissafi ta hanyar binciken gida-gida, inda ake zaunar da dubban mata a tambayi kowacce 'ya'yan da ta haifa, da waɗanda suke raye, da shekarun waɗanda suka rasu. An fara irin wannan babban bincike a 1990, ana kuma maimaita shi lokaci-lokaci.

A 1990 an tarar cewa cikin yara 1,000, guda 193 ba su kai shekara biyar ba. A 2003 adadin ya hau zuwa 201, sa'an nan ya gangaro zuwa 157 a 2008, da 132 a 2018, da 110 a binciken 2023 zuwa 2024. Wannan ci gaba ne na gaske, ko da yake tafiyar hawainiya ce. To, amma idan aka ware jariran da suke rasuwa a watan farko kaɗai, sai labarin ya sake. A 1990 su 42 ne cikin 1,000. A binciken 2023 zuwa 2024 su 41 ne. Watau a cikin shekara 34, an yi gwamnatocin soja da na farar hula, an gina asibitoci, an yaye dubban likitoci, amma jaririn da aka haifa jiya yana cikin haɗari kusan daidai da wanda mahaifinsa ya shiga ranar da aka haife shi. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta sa wa ƙasashe burin saukar da wannan adadi zuwa 12 kafin 2030.

Har wa yau, adadin ƙasa baki ɗaya yana da wata illa: yana haɗa mai ƙoshi da mai yunwa ya ce kowa ya ci rabin kwano. Binciken 2018 ya buɗe wannan rufi. Ya nuna cewa a jihohin Arewa maso Yamma yara 187 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar, alhali a Kudu maso Yamma 62 ne. A Jihar Kebbi an sami 252, watau ɗaya cikin kowane yara huɗu. A Jihar Ogun 30. Da aka kasa gidaje kashi biyar bisa ga abin hannunsu, kashin da ya fi talauci ya rasa yara 173, kashin da ya fi wadata ya rasa 53. Da aka duba ilmin uwa, matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta rasa 170, wadda ta wuce sakandare ta rasa 56. Ƙasa ɗaya ce, tuta ɗaya, Ma'aikatar Lafiya ɗaya, amma ɗan matalauciya ya ninka ɗan mai hali sau uku wajen haɗarin mutuwa.

Wani likitan mahaƙa kwal a yankin Wels na Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya rubuta a 1971 cewa kulawar likita takan yi ƙaranci a daidai inda aka fi bukatarta, musamman idan aka bar ta a hannun kasuwa. Bai taɓa tunanin ƙauyukan Zamfara ba sa'ad da yake wannan rubutu, amma da ya je can da bai sake ko harafi ɗaya ba.

Ciwon da ke jiran ranar allura da wanda ba ya jira

Me ya sa yara masu shekara biyu da uku suka sami sauƙi, jarirai sabuwar haihuwa ba su samu ba? Amsar tana cikin irin makaman da aka yi yaƙin da su. Abin da ke kashe yaron da ya fara rarrafe ko tafiya sanannu ne: ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu da tamowa. Yawancinsu ana iya tare musu hanya da abin da ake rabawa a rana guda da aka tsayar. Ana iya sanar da mai gari cewa ranar Laraba masu allura za su zo, a tara yara a ƙofar fada. Ana iya loda gidajen sauro a mota a raba. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012, ana bi gida-gida da damina ana bai wa yara daga wata uku zuwa shekara biyar maganin kariyar zazzaɓi wata-wata. A watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Duk waɗannan ayyuka ne da za a iya tsara su a ofis, a yi musu jadawali, a biya ma'aikata alawus na kwana biyar, a kammala a koma birni.

Naƙuda kuwa ba ta da jadawali. Tana zuwa da tsakar dare, tana zuwa ana tsuga ruwa, tana zuwa ranar da maigida ya tafi ci-rani. Kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke rasuwa a watan farko, a makon farko suke rasuwa, kuma ranar haihuwa ita ce mafi haɗari duka. Ba a iya aika wa wannan dare da magani a kwali. Abin da yake bukata shi ne mutum mai horo, a kusa, a farke, da kayan aiki a hannu.

Jamhuriyar Nijar ta ba da misali mai kyau na wannan bambanci, kuma misalin ya fi amfani domin jama'ar Maraɗi da Damagaram da Tawa 'yan'uwan jama'ar Katsina da Daura da Sakkwato ne, abincinsu ɗaya, al'adar haihuwarsu ɗaya. Daga shekarar 2000, a zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara, aka zuba musu ma'aikatan da aka koya wa maganin zazzaɓi da gudawa da ciwon huhu. A 2006 aka yi dokar kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon mata masu ciki kyauta. Bayan yunwar 2005 kuma aka yawaita cibiyoyin ciyar da yara masu tamowa. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, a ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya, kuma a lokacin da maƙwabciyarta mai arzikin mai ba ta yi irin wannan sauri ba. Darasi na farko ke nan: kusantar da magani da cire kuɗi suna aiki. Darasi na biyu kuwa yana cikin wannan rahoto ɗin dai: mutuwar jarirai a watan farko ba ta yi wata raguwar a-zo-a-gani ba. Ɗakin shan maganin ƙauye ya iya ceton yaro mai gudawa, amma bai iya ceton wanda ya faɗo bai yi kuka ba. Daga baya kuma jinkirin gwamnati wajen biyan asibitoci kuɗin aikin da suka yi kyauta ya bar da yawa cikinsu da kantoci babu magani.

Dare ɗaya a ƙauye

A ƙaddara wata yarinya mai cikin fari, ta zo goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauye mai nisan mil 15 daga asibitin da ke da ungozoma. Naƙuda ta taso mata da magariba. Kunyar haihuwar fari ta hana ta faɗi, domin tun tana ƙarama take jin ana yaba macen da ta haihu ita kaɗai a ɗaki ba wanda ya ji motsinta. Sai can cikin dare uwarta ta lura. Aka jiƙa mata abin da aka saba jiƙawa, aka karɓo rubutu, aka ce a jira asuba. Gari ya waye ba ta sauka ba. Yanzu magana ta koma hannun maza: mijin ba ya nan, uban ba ya so ya yanke hukunci a kan matar wani, kuɗi kuma suna jikin akuya, akuya kuwa sai ranar kasuwa. Da aka harhaɗo abin da aka samu, sai neman mota. In damina ce, rafi ya kawo. Da suka isa ƙaramin asibiti, sai aka tarar ma'aikaci ɗaya ne kuma namiji, babu wuta, babu kayan aiki, ya rubuta musu takarda zuwa babban asibiti. A can kuma aka miƙo musu jerin abin da za su sayo kafin a taɓa ta: safar hannu, ruwan ƙari, zaren ɗinki, da jini leda biyu.

Babu mugu ko ɗaya a cikin wannan labari, amma an yi asarar sa'o'i ashirin ko fiye. A 1994 wasu masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kira wannan abu jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa wurin taimakon, da jinkirin samunsa bayan an isa. Kowane ɗaya cikin ukun ya fi tsawo a kan matalauci. Uwar tana iya tsira, wataƙila da yoyon fitsari. Jaririn da ya daɗe a matse a ƙugu kuwa sau da yawa ba ya fitowa da rai, ko ya fito ya kwana ɗaya ya koma.

Jinkiri na uku ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne yake haifar da na farko. Akan zargi matan karkara da ƙin asibiti, kuma gaskiya ne binciken 2018 ya nuna haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti a Arewa maso Yamma, alhali a Kudu maso Gabas 82 ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Matar da aka daka wa tsawa a gaban jama'a don ba ta zo da sabulu ba, ko aka bar ta a kan benci har ta haihu a ƙasa, za ta koma ƙauye ta ba da labari, kuma labarinta ya fi kowace sanarwar rediyo saurin tafiya. Iyalin da suka sayar da akuya suka dawo da gawa ba za su sake sayar da wata ba. Ƙin nan da ake gani, sau da yawa lissafi ne na mutanen da suka gwada suka gani.

Ba yau aka gano wannan ba. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere, aka buga sakamakon a 1985. Sun tarar cewa mafi yawan mace-macen uwa da ɗa suna faruwa ne ga matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ake kawowa a galabaice bayan an gaji a gida, alhali matan da suka yi awo suka zo da wuri, a wannan asibiti ɗin da waɗannan likitoci ɗin, ba kasafai suke mutuwa ba. Sun kuma lura cewa ƙananan 'yan mata masu ciki, in aka ba su maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, suna ci gaba da tsawo a cikin goyon cikin, abin da ke nuna jikinsu bai gama ginuwa ba. Harrison ya tsaya a kan cewa babban magani shi ne ilmin boko ga kowa, musamman 'ya'ya mata. Fiye da shekara arba'in ke nan, ƙididdigar da aka ambata a baya ba ta ƙaryata shi ba.

Abin da ke faruwa a cikin ɗaki

Abubuwa uku ne suke kashe yawancin jarirai a watan farko: zuwa kafin lokaci ko da ƙaramin jiki, rashin numfashi a lokacin haihuwa, da ƙwayoyin cuta. Abin mamaki shi ne, mafi yawan maganinsu ba ya bukatar babbar na'ura. Jaririn da ya faɗo a jiƙe yana saurin yin sanyi ko da a ƙasa mai zafi, balle a daren hunturu a kan daɓe. A goge shi nan take, a aza shi a ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su tare, a jinkirta wanka har kwana guda. Wanda bai yi kuka ba, a goge shi a murza bayansa. In bai motsa ba, a hura masa iska da ɗan famfon roba a cikin minti na farko. Wannan famfo ba shi da tsada, amma yana bukatar hannun da ya saba da shi.

Sai dakashi, watau nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa. A gidaje da yawa akan matse shi a zubar, wai ba shi da kyau, a riƙa ɗura wa jinjiri ruwa ko madarar dabba har nono ya tsarkaka. Alhali kuwa dakashin nan shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa ɗan Adam, ruwan da ake ɗurawa kuwa daga rijiya yake. A 2018 jarirai 29 cikin 100 ne kawai 'yan ƙasa da wata shida suke shan nono zalla a Nijeriya. Haka nan cibiya: a yanke ta da tsohuwar reza, a gasa ta da tsumma ko tsingaro, a shafa mata toka ko man goge baki, duk ƙofofi ne ga cutar sarƙe-haƙora da ruɓewar jini. Cire beli da wanzami ke yi a kwanakin farko shi ma yana jawo zubar jini da shigar cuta.

Sai dai akwai haɗari ga mai ilmi ya ɗora komai a kan al'ada, domin yin haka yana sauke nauyi daga kan hukuma ya aza shi a kan tsohuwa. Labarin wankan jego ya isa gargaɗi. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa da ganye, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. An daɗe ana koyar da haka. Amma wani bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya, wanda aka buga a 2020, bai sami wankan da kunun a cikin manyan sabuba ba. Abin da ya samu shi ne rashin ilmin boko, rashin sana'a, rama, da hawan jinin masu ciki. Wannan ba ya nufin kanwa mai yawa ta zama abinci mai kyau ga mai jego. Yana nufin talauci yakan sa rigar al'ada ya ɓuya a ciki.

Abin da aka gwada

Ungozomar gargajiya a ƙasar Hausa galibi ba ita ke karɓar haihuwa ba. Ana kiranta ne bayan an sauka, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wanka. Ashe kuwa hannunta ne yake kan cibiya a sa'ar da ta fi muhimmanci. A kan wannan fahimta ne Jihar Sakkwato, a 2013, ta riga sauran jihohi sayen maganin cibiya mai suna kuloheksidin da ƙwayar misofurostol mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ta raba su ta hannun mutanen unguwa domin matan da ke haihuwa a gida. Hikimar ita ce a kai maganin inda haihuwar take, ba a zauna jiran haihuwar ta zo inda maganin yake ba. Duk da haka an sami wuraren da iyaye suka ɗauki ruwan maganin cibiyar a matsayin maganin ido suka ɗiga wa jarirai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2019. Magani ba tare da bayani da harshen da uwa take ji ba, rabin aiki ne.

Game da bakwaini, dabarar da ta fi amfani ta fito ne daga rashi. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya, likita Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben renon jarirai, sai ya sa iyaye mata su ɗaure 'ya'yansu tsirara a ƙirji, fata da fata, dare da rana, kamar yadda dabbar kangaru take riƙe ɗanta. Wani gwaji da aka buga a 2021, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi ɗaya cikin huɗu. Ga matar da ta iya goyo tun tana 'yar shekara bakwai, abin da ake nema gare ta kawai shi ne ta juyo da goyon daga baya zuwa gaba. Abin da ake nema ga asibiti kuwa shi ne gado da abinci da wurin wanka domin uwar ta zauna.

An kuma taɓa jinkiri na farko da na biyu. A yankin Damagaram, daga 2007, aka kafa abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta masu mutunci suke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su kuma jawo hankalin 'yan'uwansu, tun da izini da kuɗi a hannunsu suke. A wasu jihohin Arewacin Nijeriya an yi yarjejeniya da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, aka horar da direbobin tasha su ɗauki mai naƙuda kowane lokaci, a saka musu da ba su layin lodi. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin tura ungozomomi, sababbi da masu ritaya, zuwa asibitocin karkara. Inda aka biya su aka ba su masauki sun zauna, inda jihohi da ƙananan hukumomi suka kasa cika nasu alkawarin kuwa sun tattara sun koma birni. Wannan shi ya sa ɗaukar 'yar gari a horar da ita ya fi ɗauko baƙuwa, kuma a nan ne maganar Harrison take dawowa ta wata ƙofa: garin da bai sa 'ya'yansa mata a makaranta ba, ba shi da wadda zai tura makarantar ungozoma, sa'an nan mazansa su ƙi kai matansu wurin ma'aikaci namiji.

Ta fuskar doka da manufa, ba a rasa takardu ba. Tun bayan taron Alma-Ata na 1978, da zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka amince cewa ƙaramin asibitin unguwa shi ne ginshiƙi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta. Ma'aunin duk waɗannan ɗaya ne: in aka ƙwanƙwasa ƙofar asibitin ƙauye da ƙarfe biyun dare, akwai mai buɗewa? A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda 'yan bindiga suka sa ma'aikata suka gudu, mutane kuma ba sa iya bin hanya bayan faɗuwar rana, tambayar ta ƙara nauyi. Janye tallafin Amurka da aka yi a 2025 ya kuma tona yawan ayyukan da suke tsaye a kan kuɗin baƙi.

Akwai kuma batun rabo. Idan aka raba ma'aikata da kuɗi daidai tsakanin ƙananan hukumomi, an yi adalci a takarda, amma an bar tazarar yadda take, domin mai nisa da mai kusa ba tafiya ɗaya ke gabansu ba. Kowane sabon shiri, in ba a yi hattara ba, masu ilmi da 'yan birni ne suke fara cin moriyarsa, har tazarar ta ƙara faɗi kafin ta ragu. Rage ta sai da gangan: a fara da mazaɓar da ta fi nisa, a ƙara wa ungozomar da ta yarda ta zauna can albashi, a kuma auna shugaban sashen lafiya da abin da ya faru a ƙauyensa mafi wuya.

Wanda ba a ƙidaya ba

Aunawar kuwa ita ce inda aka fi rauni. A 2018 yara 43 cikin 100 ne kawai 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Nijeriya. Jaririn da ya rasu kafin ranar suna ba a yanka masa rago ba, ba a yi taro dominsa ba, ana binne shi a ranar, kuma ko a binciken gida-gida uwa takan tsallake shi, ko don kunya ko don ciwon tunawa. Wanda aka haifa ba rai ma ba ya shiga lissafin 1,000 ɗin nan sam. Saboda haka akwai dalilin zaton cewa adadin gidajen talakawa ya fi abin da aka rubuta.

Asibitoci da dama yanzu suna da kwamitin da ke zama a kan kowace mutuwar uwa ko jariri, ba don a hukunta wani ba, sai don a bi sawu a gano inda aka yi jinkiri: ko jini ne babu, ko man janareta, ko takardar turawa ce ta makara. Amma kwamitin asibiti yana ganin wanda ya iso asibiti ne kawai, alhali binciken 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwa 84 cikin 100 a gida aka yi su. Waɗanda suka san waɗannan su ne ungozomar da ta yanke cibi, da liman da aka kira, da mai unguwa da aka gaya wa. Littafi guda a hannun mai unguwa, wanda ma'aikaciyar lafiya za ta riƙa dubawa kowane wata, ta je gidan ta yi gaisuwa, ta tambayi ƙarfe nawa naƙuda ta fara, wa aka jira, nawa aka nema, ya isa ya nuna wa ƙaramar hukuma wace gada ce za ta fara gyarawa da wane asibiti ne yake bukatar ungozoma ta biyu.